Ƙarfe Bai Taɓa Nomau Ba

Shekarar da Nasara suka ce a buɗe hanyar mota daga Maradi zuwa Jiratawa, aka kawo wani zarto mai shan isansi, wato man fetur. Wai shi kaɗai yake cin itace, mutum riƙewa kawai yake yi. Ni Zuliha na ce ƙarya ne sai na gani.

Mijina Nomau masassaƙi ne. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, da idonsa yake awo, kuma da wannan idon muke cin tuwo. Ga shi ɗan tauri, ya sha maganin ƙarfe tun yana saurayi, wuƙa lanƙwashewa take a jikinsa. Shi aka zaɓa ya riƙe zarton.

Ranar gwaji har daga Tibiri mutane suka zo. Kowa da tambaya guda: tauri zai kama ƙarfen Nasara kuwa? Na kutsa gaba na leƙa abin. Haƙora ne jere a kan sarƙa, sai wari.

Hamidu, shugaban leburori, ya miƙo wandon fata, hular kwano da wani tabarau mai igiya.

"Saka, Nomau. Tare da injin aka aiko su."

Nomau ya dubi 'yan uwansa 'yan tauri da suka yi layi suna kallo. In ya saka, ya nuna bai yarda da abin da ya sha ba.

"Ba ni injin kawai," ya ce.

Na ja shi gefe. "Maigida, ko tabaran nan ka ɗaura mana."

"Zuliha, koma cikin mata."

Kai, namiji da taurin kai! Na koma, raina a ɓace, amma ban fasa miƙa wuya ba.

Aka ja igiya, abu ya yi ruri, awaki suka watse. Nomau ya kafa shi a gindin wata tsohuwar ƙirya. Wallahi kamar ana yanka kabewa! Har na fara guɗa. Sai na ga ya saki zarton ya dafe fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Tsinken itace ne ya tashi ya shige idonsa na dama. Likitan Maradi ya cire tsinken, idon kam ya tafi.

Har yau in an zauna a Tibiri ana gardama. 'Yan tauri cewa suke magani ya yi aiki, ai sarƙar ba ta ko ƙwarzane shi ba. Ni haushin maganar nan kamar ya kashe ni.

Da ya warke ya ɗauko guntun itace zai fafe mini turmi. Ya auna, ya kai sara, gizago ya sauka gefe. Ya sake, ya sake kuskurewa. Ya daɗe zaune yana shafa itacen.

"Zuliha," ya ce, "gobe ki sayo turmi a kasuwa."