Kajin Gaisuwar Keziya

"Zamani! Koma baya! Da wannan takalmin za ka shigo mini?"

Ƙafata ɗaya tana cikin gidan, ɗaya tana waje. Adda kawai na zo ara. Keziya tana zaune kan kujerar roba a gindin mangwaro, ta lulluɓe da zane biyu duk da rana ta take, ƙafafunta sun kumbura kamar doya. Amma muryar tana nan yadda na saba jin ta ta kan katanga shekara da shekaru.

"Daga kasuwa kake. Ka bi ta layin masu kaji?"

"Na bi."

"To tsaya inda kake. Asher, miƙa wa Baba addar daga nan."

Haka take. Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki a wata babbar gonar kaji a Jere, sai da ƙafa ta ƙi sannan ta dawo Kafanchan. Ta tarar citta ta ruɓe a ƙasa shekara biyu, samari da 'yan mata sun cika bakin titi suna kallon motoci. Ta tara shida daga cikinsu. Akwai Asher, da ya gama kwalejin Gidan Waya ya rasa ajin da zai koyar. Akwai Stella, mai ɗa ɗaya, da miji ya tafi Abuja bai waiwayo ba. Zumuntar mata ta coci ta saya musu 'yan tsaki ɗari uku, ta kuma faɗa a fili cewa sau ɗaya ne. Za su yi rainon su tare a bayan gidan Keziya sati huɗu, sannan kowa ya ɗauki hamsin ya je ya fara nasa. A safiyar nan ne 'yan tsakin suka iso daga Jos.

Daga tsakar gidana ina jin karatun.

"Stella, ajiye biron nan. Sa tafin hannunki a kan garin katakon. Me kika ji?"

"Sanyi, Mama."

"To me kike jira? Ƙara gawayi! In sun dunƙule wuri ɗaya, sanyi suke ji. In sun manne da bango suna haki, kin gasa su. Kaza ba ta ƙarya, ku ne ba kwa kallo."

Kwana uku bayan nan ta aiko a kira ni. Ta sa na wanke hannu, na tsoma ƙafa a ruwan maganin da ke bakin ƙofa, kamar mai shiga ɗakin tiyata. An riga an kira Keke Napep zai kai ta asibiti.

"Zamani, ba zan dawo da ƙafata ba."

"Haba Keziya, bar wannan magana."

"Kai bar taka. Ba mutuwar nake tsoro ba, na san wanda zai karɓe ni. 'Yan gaisuwa nake tsoro." Ta ja numfashi. "Ka san mutanenmu. Kowa zai taho daga ƙauye da kaza a hammata, a sake ta a gidan nan. Damina ce, farin kashi yana kashe kajin ƙauye. Guda ɗaya ta shigo, yaran nan sun koma bakin titi."

"To ni me zan yi? Ni ba dangi ba ne."

"Shekara arba'in kana jan lodin citta zuwa Legas, babu shingen da ya taɓa kwana da kai. Yanzu ne za ka ce mini ba ka san kan mutane ba?"

Ran Alhamis da la'asar ta cika.

Kashegari wanta Gershon, dattijon coci a Kagarko, ya iso da mota cike da rumfuna da kujeru. Na yi wautar fara masa da maganar kaji. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam Zamani, gawar ƙanwata tana kwance a mutuware, kai kana mini zancen tsaki?"

Sai na canza giya. Na ja shi na nuna masa lungun gidanta, yadda ruwa yake kwanciya. Na ce motar Rabaran ba za ta shiga nan ba, manyan baƙinsa na Kagarko kuma za su taka laka da fararen kaya. Gidana kuwa yana bakin hanya, ga fili. Ya dubi takalminsa mai ƙyalli. Aka kafa rumfa a ƙofar gidana.

Saura kajin. Na ɗauki benci na zauna a bakin lungu da wuƙa, na sa aka ɗora ruwan zafi a can bayan gidana, nesa da katangarta. Duk wanda ya sauka daga babur da kaza, sai in tare shi da hannu biyu.

"Sannu da hanya. Sannunmu da haƙuri. Kawo in rage maka kaya."

Kafin ya gama gaisawa da Gershon, kazarsa tana cikin tukunya. Kwana huɗu ban zauna na ci abinci kamar mutum ba. Ido ɗaya a titi, ɗaya a lungu. Ko keken yara ya tsaya sai in miƙe. Magana kuwa ta yawata. Matata Edna ta same ni a kan bencin ranta a ɓace.

"Ka san abin da ake faɗa a rijiya? Wai Zamani ya buɗe gidan farfesu da mutuwar maƙwabciya."

"Sun ci farfesun ko ba su ci ba?"

"Kai dai ba ka da kunya."

"Na bar ta a Legas."

Ran Talata da hantsi ina karɓar wata kaza sai na ji ihun Stella daga bayan gida. Na saki kazar na ruga. Wata tsohuwa ce ta ratso ta cikin masara, inda ban sa ido ba. Gwaggo Miriyam, ƙanwar mahaifin Keziya, ta taho da ƙafa tun asuba. Tana rungume da jan zakara, taku biyar tsakaninta da ɗakin 'yan tsaki. Stella ta buɗe hannuwa ta tare ƙofar.

"Matsa, yarinya," in ji tsohuwar. "A gidanmu zakaran dangin uba da rai yake yawo a gidan mamaci har a bizne. Keziya ta san wannan. Wace ce ke?"

"Kaka, don Allah. Don Yesu."

Na durƙusa a gabanta, gwiwata tana ƙara. Na dubi zakaran. Wuyansa ya karkace, ido a lumshe, gindinsa ya ɓaci da farin kashi.

"Mama," na ce a hankali, yadda Stella ba za ta ji ba, "zakaran nan ba shi da lafiya."

Ta kau da kai. Ta daɗe tana kallon masarar.

"Su tara ne," ta ce. "Satin nan duk sun faɗi. Shi kaɗai ya rage. In zo hannu wofi wurin 'yar wana?"

A nan dabarata ta ƙare. Duk shingen da na wuce a duniya, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Na miƙa hannu biyu kawai. Ta dube ni, ta dubi Stella, ta saka mini shi. Na riƙe hannunta muka zagaya ta cikin masarar har rumfa, na ɗaga shi sama na ce da ƙarfi, "Zakaran dangin uba, daga hannun Mama Miriyam!" Mata suka yi guɗa. Na ɗaure shi a can ƙarshen filina. Kafin magariba ya mutu, na haƙa rami mai zurfi, na ƙona rigar da na rungume shi da ita.

Asher ya yi feshin magani a duk inda tsohuwar ta taka. Washegari 'yan tsaki huɗu suka mutu. Stella ta zauna a ƙasa tana kuka. Asher yana cewa Mama ta ce a kwanakin farko dole a rasa kaɗan. Ni kuwa na kasa zama, na kasa tafiya. Sau goma a wuni nake hawa turmi in leƙa ta katanga.

"Yaya?"

"Suna ci, Baba."

"Kashinsu fa?"

"Baba, ka tambaya ɗazu."

Alhamis babu wanda ya faɗi. Juma'a ma haka.

Aka sa jana'iza ran Asabar da safe, ranar da Keziya ta rubuta da gawayi a bangon ɗakin 'yan tsakin cewa a ba su rigakafi. Maganin a ruwan sha ake ba su, da sanyin safe, kuma in an haɗa shi ba ya jira. Gershon ya so ɗalibanta su ɗauki akwatin. Asher ya tsaya daga nesa, hannu a baya, ya ce, "Daddy, ka yi haƙuri. Ba za mu iya fitowa ba." Gershon ya juya ya tafi.

Ni da wasu dattawa biyar muka ɗauka. Ba ta da nauyi. Hanyar maƙabarta ta bi ta bayan gidanta, mawaƙa a gaba da ganguna. Da muka zo daidai masarar sai mai babbar ganga ya sassauta hannu, ban san wa ya gaya masa ba.

Na waiga. An ɗage tamfol ɗin ɗakin kaɗan. Su shida suna tsaye a bayan ragar waya, Stella ta ɗaura zanen ankon makokin a kan rigar aiki, bokiti a hannunta. Bakinsu yana bin waƙar, amma babu murya. A ƙafafunsu 'yan tsaki sun kewaye mazubin ruwa, kowane ya tsoma baki ya ɗaga kai sama.