Taken Arzika a Motar Kamfen

Lubabatu ta ci shekara biyu a jami'a tana karatun digiri na biyu a fannin tsara kiɗa, abin da mutanen ƙauyensu Gwashi suka kasa ganewa: kiɗa ma sai an je boko? Aikinta na ƙarshe ta gina shi ne a kan taken mahaifinta, marigayi Arzika sarkin noma, wanda makaɗa ke buga masa a gona in an yi gayya. Tun da ya rasu babu gangar da ta sake taɓa taken nan, don take da mai shi yake tafiya. Ita ce ta tono shi, ta haɗa da sarewa da goge, ta ɗauka a kaset ta miƙa wa malaminta, Dakta Ishaq. Sa hannunsa kawai ya rage.

Ranar kasuwar Gummi ta raka Inna, mahaifiyarta, sayen shinkafa. Suna cikin ciniki sai ga motar kamfen da lasifika a ka, tana zuba taken Arzika, sarewar da gogen duk suna nan. An ɗora wata murya mai kama da kukan akuya tana kirarin Alhaji Shitu, ɗan takarar ciyaman, mutumin da hannunsa bai san ƙotar fartanya ba.

Inna ta saki mudu, shinkafa ta watse. Ta shiga waige-waige kamar za ta hango mijinta cikin taron.

Lubabatu ta kutsa zuwa motar. Wa za ta gani a gidan gaba? Dakta Ishaq, ya baje yana yagar balangu, maiƙo har haɓa. Ƙyama ta kama ta, kamar ta taka kashin kare da ƙafa babu takalmi.

"A'a, ɗalibata!" in ji shi. "Kin ga kiɗanki ya shiga duniya. Alhaji ya yaba ƙwarai. Ki zo ofis mako mai zuwa in sa miki hannu."

Magana ta cika mata baki fal. Ta tuna shekara biyun nan, da saniyar da Inna ta sayar don karatun. Sai ta ji bakinta ya ce, "Na gode, Dakta." Har da ɗan rusunawa. Ƙyamar da ta ji ta kanta ta fi wadda ta ji tasa.

Ta dawo ta tarar da Inna a durƙushe tana tsintar shinkafa, hawaye na ɗiga cikin mudun.

"Ɗiyata, wa yab ba su taken ubanki?"

Lubabatu ta durƙusa ta kama tsinta, ba ta ɗago ba.

"Allah ya isa tsakanina da wanda yab ba su," in ji Inna. "Ke ba ki cewa amin?"