Lomar Ƙarshe a Gidan Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki, tun da na farka kuwa bakina yake ƙaiƙayi. Amma bari in fara gaya muku halin da nake ciki, don kada ku ce Gwaggo Yalwa ta fara ruɗewa.

Bara war haka in na zauna sai an kama ni nake tashi. Ƙiba ta cinye min gwiwoyi, ga suga, salla a kan kujera, goshina har ya manta yadda ƙasa take. Abin da ya fi ƙona min rai ma, labarin unguwa sai ya kwana ya huce kafin ya iso ɗakina, ni da nake raba shi da zafinsa. Shi ne 'yata Hansatu ta kai ni asibiti aka yi min aiki, aka rage min tumbi ya koma ɗan mitsitsi. Likita ta ce in tauna sosai, in fara da nama ko ƙwai ko wake, kada in kora da ruwa, da na ji shaƙuwa ko nauyi a ƙirji in janye hannu. In na matsa, amai ne da murɗa, a hankali kuma aikin ya tashi a banza. Hansatu ta ba ni ɗan farantin nan da ake ɗora kofin shayi, ta ce shi ne kwanona daga yanzu. To yau ake suna a gidan Tabawa, aminiyata tun muna 'yan mata, kuma shi ne taro na farko da zan shiga. Ita kuwa Tabawa ba ta ba ki labari sai hannunki yana cikin kwanonta. Da wannan tunanin na kwanta.

Sai na gan ni a wani gari ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Mata sun kife bokitai a bisa kawunansu suna tara. Ban yi mamaki ba, na dai matse zanina.

A ƙofar garin akwai ofis. Wata akuya mai tabarau tana zaune a bayan tebur, tana tauna hular wani bawan Allah.

Ta ce, "Hajiya, ina cikinki?"

Na shafa, wayam.

Ta ce, "A garin nan ba a ajiye ciki a ciki. A hannu ake riƙe shi, kowa ya ga nasa."

Ta jawo durowa ta miƙo min tumbina. Bai fi ƙwan agwagwa ba, da 'yan idanunsa, har an ɗaura masa ɗankwali. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Uwar ɗakina, ni ba na ɗaga murya. Sau ɗaya nake shaƙuwa. In kin yi kamar ba ki ji ba, sauran zancen tsakaninki ne da baho."

Na dubi akuyar na ce, "Ke da kike cin leda da kwali, ke za ki koya min cin abinci?"

Ta ce, "Ai shi ya sa aka ba ni ofis."

Sai ga ni a bakin titi. Wani adaidaita ya tsaya, tayoyinsa sun lotse. A ciki tsohon tumbina ne, wanda aka yanke, ya sha babbar riga ya cika kujerar baya har ya zubo ta gefe.

Ya ce, "Yalwa, biko na zo. Duk zaman da muka yi? Kin manta tuwon dawa da man shanu? Na taɓa ce miki ya isa?"

Na ce, "Ai laifinka ke nan."

Gwiwoyina suka sauko daga jikina, suka tsaya gefe kowace da ƙullin kayanta a kai. Ta dama ta ce, "In kin koma masa, mu gidanmu za mu." Ta hagu ta gyaɗa kai. Na ce su dawo bakin aikinsu, babu inda zan koma. Suka dawo, amma ba su kwance kayan ba.

Sai ga ni a tsakar gidan Tabawa. Tukwane ne zaune a kan tabarmi suna hira, 'yan suna kuma an jera su a kan murhu suna tafasa a hankali. Tabawa ta turo tire, faɗinsa ya kai daga bakin rijiya zuwa ƙofar zaure: masa, tuwon shinkafa, miyar taushe, naman suna yana naso. Na ciro ɗan farantina na ajiye, na zaunar da tumbina a gefensa.

Tabawa ta kwashe da dariya. "Yalwa, wannan na tsaki ne? Kaji kika zo da su?"

Na ce, "Zuba min tsoka ɗaya da rabin masa."

Ta zuba tana harara. Ta matso ta rage murya. "Kin san haƙorin Makka na Hajiya Ladidi mai atamfa?"

Daga nan bakinta ya rufe gam kamar an ɗinke. Ashe dokar garin ce: sai kin haɗiye loma, bakin mai labari yake buɗewa. Na yagi nama na sa a baki, na shiga tauna. Na tauna, na tauna. Tabawa tana ta zaro ido tana yi min nuni da maƙogwaro. Sai da naman ya yi laushi har ya fara ba ni haƙuri, sannan na haɗiye.

Bakinta ya buɗe. "Ranar bikin 'yarta ya fice ya faɗa cikin tukunyar miya!"

Gam.

Na sake yagar nama. Wata tukunya ta miƙo min zoɓo mai sanyi, tumbina ya girgiza ɗankwali, na ce a ajiye sai an jima. Na haɗiye.

"Aka tsame miya kaf, babu haƙori. Ashe a kwanon wata ya faɗa."

Na gutsuri masa.

"Ita kuwa ta ɗauraye shi ta kai aka dasa mata. Yanzu haka Hajiya ake ce mata, ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba!"

Wayyo ni. Na ƙarasa 'yar masar da ta rage a farantina.

"Kuma kin san ta sarai, gidansu yana kallon..."

Gam. A daidai nan tumbina ya yi hik. Sau ɗaya, a hankali, kamar jariri. Na ji wani nauyi ya zauna min a tsakiyar ƙirji.

Tabawa ta ɗauko masa guda, mai zafi, bakinta ya soyu ya yi ja, ta ɗora a farantina. Sunan matar nan yana cikin masar, ina ganinsa yana motsi. Loma ɗaya ce fa. Hannuna ya tafi da kansa, na kamo shi da ɗayan na danne a cinya.

Ashe in don faɗa ne bakin Tabawa yana buɗewa ba loma. Ta ce, "Yalwa, ni za ki wulaƙanta a gaban mutane? Ranar sunan jikana? Ko ce miki aka yi ina barbaɗa wani abu a abinci?"

Tukwane suka juyo gaba ɗaya. 'Yan sunan da ke kan murhu suka daina tafasa don su ji da kyau. Tsohon tumbina ya leƙo ta kan katanga yana ɗaga min gira. Gwiwoyina kuwa na ji sun fara gyara ƙullin kaya.

Na tuna kujerar sallar nan ta roba, yadda take ƙara in na zauna. Na tuna jiran da nake yi a ɗaki a kawo min ragowar zance. Na jawo ruwan wanke hannu.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Na ƙoshi."

Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa faɗin kalmar nan da sauran abinci a gabana ba. Da ta fito, ruwan saman ya tsaya cak a iska, ɗigo-ɗigo, yana kallona.

Na ce, "Abincinki ya yi daɗi, aminiya, babu mai masa irin taki a unguwar nan. Ƙunshe min ita, in an jima zan ci."

Ta ce, "To sunan ma na ƙunshe."

Na ce, "Riƙe abinki."

Na gyara zama ina sakace. Ban jima ba na ga kumatun Tabawa sun fara kumbura. Labarin ne ya rasa hanyar fita. Wuyanta ya cika, cikinta ya tashi, ɗankwalinta ya yi tsalle ya faɗi. Ta fara ɗagawa daga kan tabarma, tukwane suka riƙe bakin zaninta.

"Yalwa, ki tambaye ni mana!"

"Na ƙoshi."

"Rabin loma! Ko lasa ki yi!"

"Na ƙoshi, Tabawa."

Tumbina ya ɗan jingina da hannuna yana gyangyaɗi, hankalinsa kwance. Tabawa ta wuce tsayin katanga, ta kusa kai wayar lantarki. Akuyar ofis ta zo wucewa ta ɗaga kai ta ce a yi hankali da waya. Daga can sama Tabawa ta ƙwalla ihu:

"To ji kyauta, muguwa! Matar nan ba kowa ba ce illa..."

Kaf-kaf-kaf-kaf.

Na buɗe ido. Hansatu ce a bakin ƙofa take kaɗa min ƙwai da cokali a kwanon silba. Na ce, "Ke 'yar nan, da kin ƙara haƙuri kaɗan mana!" Ta ce, "Da me, Gwaggo?" Na ce babu komai.

Na yi salla, goshina a ƙasa, gwiwoyin nan biyu ba wadda ta ce uffan. Ƙwan ma ban cinye ba, da na ji hik na rufe sauran. Ɗan farantina yana cikin jaka tun ɗazu, ƙarƙashin turmin atamfar barka. Tabawa ta zuba duk abin da za ta zuba, na riga na san wadda za ta fara kumbura a cikinmu. Amma fa yau duk matar da ta yi dariya a gidan sunan nan, sai na leƙa bakinta.