Mai Gwanjon da Ya Daina Haɗiye Kalma

Ciwon shanyewar jiki ya bar wa Merv Tolhurst ƙafafunsa, ya tafi da saurin bakinsa. Mutumin da ya tsufa yana gwanjon shanu a yammacin Queensland kuwa, bakin nan ne jarinsa.

Magana ta dawo, amma ba irin tasa ba. A garinsu ba mai furta ƙananan kalmomin Turancin nan, "the" da "a", har ƙarshe. Haɗiye su ake yi, su manne wa kalmar gaba, sai ɗan huci kawai. Merv yanzu sai ya tsaya a kan kowacce ya ja ta, kamar mai karanta labarai a rediyo.

Ranar da ya koma mashaya, Clarrie direban motar shanu ya tuntsire da dariya.

"Kai, tsohon banza, asibiti aka kai ka ko fadar sarki? Ku ji Turanci!"

"Rufe mana baki, mai kan kabewa," in ji Merv, kalma bayan kalma. Ya koma gida ransa fes. Muddin ana zaginsa, yana nan cikinsu.

Sai ya nace a ba shi gwanjon Talata. Ya hau bisa shingen kara, wato kasuwar shanu, aka koro baƙaƙen bijimai. Kafin ya kai ƙarshen jimla, shanun sun zagaya sau biyu, masu saye sun sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Ko mutum ɗaya bai yi masa ihu ba. Maigidansa ya zare sandar gwanjon daga hannunsa a hankali, ya ce ya je ya huta.

Da yamma a mashaya Clarrie ya ja masa kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Merv, zauna. Me za ka sha?" Ya faɗa a hankali, kowace ƙaramar kalma a cike, yadda ake yi wa baƙo. Duk mutanen teburin suka bi sahunsa.

"Zage ni mana, Clarrie."

"Haba, abokina. Wa zai zage ka?"

Merv ya shanye giyarsa ya tashi, bai ƙara shiga wurin ba. Duk Talata yakan ajiye motarsa bayan kara, shi da karensa, ya sauke gilashi. Daga nan yake jin su Clarrie suna magana da sauri, suna zagin juna, tunda ba su san yana kusa ba.