Akawun ɗin Malama

Kowace safiya Jan Biro, mai gyaran rubutu a wata jarida, yakan riga kowa isowa ofis. Sai ya ja kujerarsa ta bakin taga, ya kunna kwamfuta, ya fita daga akawun ɗinsa na shafin jaridar, ya shiga na matarsa. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarta.

Manhajar da jaridar ke wallafa labarai da ita tana da doka: duk marubucin da ya yi kwana casa'in bai shiga ba, sai ta rufe akawun ɗinsa, ta cire sunansa daga kan duk abin da ya rubuta, ta sa "Wakilinmu". An yi dokar ne saboda masu barin aiki cikin fushi. Masu barin duniya ba wanda ya tuna da su. Malama kuwa, haka kowa ke kiran matar tasa, ta bar sharhi ɗari shida da sha ɗaya, na kowace Laraba, kuma ko ɗaya ba Wakilinmu ya rubuta ba. Wakilinmu ko waƙafi bai iya sakawa ba.

Shiga sau ɗaya a wata uku ya isa. Shi kullum yake shiga. A ciki akwai rubutunta na ƙarshe da ba ta gama ba: "Abubuwa uku ne suka dame ni game da sabuwar tashar mota. Na farko," shi ke nan. Yakan karanta, ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya sake karantawa, kamar za a ƙara wani abu kafin ya juyo.

Injiniya, matar da ke kula da shafin jaridar, ita ta kama shi wata safiya.

"Baba, wannan ai ba mafita ba ce."

"To ki gyara mana. Ba aikinki ba ne?"

"In na gyara a nan, da an sabunta manhajar zai goge. Sai an sa shi a asalinta. Ba ta da mai ita, 'yan sa kai ne ke gina ta, a warwatse a duniya. Suna da shafin da ake neman ƙari. Ka rubuta musu."

"Abin da ba shi da mai shi, wa zan yi wa faɗa?"

"Shi ya sa suka yi shi haka, Baba."

Ya rubuta. Fom ne mai gurabe. A gurbin "Me kake so a ƙara?" ya ce a yi matsayi na uku, bayan mai aiki da wanda ya tafi, don marubucin da ya rasu, sunansa ya zauna. A gurbin "Ta yaya za mu ga matsalar da idonmu?" ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta: "Ku auri marubuciya. Ku jira."

Aka ba buƙatar lamba 2417. A can da yatsa ake zaɓe: buƙatar da ta fi tara masu ɗaga mata babban yatsa ita ake fara dubawa. Mai neman a iya mayar da allo baƙi ya tara ɗari uku. Mai neman a riƙa sa 'yan fuskokin dariya a kanun labarai ya tara casa'in. Tasa ta samu huɗu: shi, da Injiniya, da Edita da aka tsaya a kansa, da wani baƙo da ya janye nasa washegari. Ga kuma na'urar da ke rufe duk buƙatar da ta yi kwana talatin ba a ce komai a kanta ba. Sai ya zama abu biyu yake rayawa. Duk mako uku yakan je ya rubuta, "Har yanzu tana mace."

Wata Laraba yana cikin akawun ɗinta, idonsa ya faɗa kan labarin wakilin kotu da aka riga aka wallafa. An rubuta za a ci gaba da shari'a ranar talatin da ɗaya ga watan da kwana talatin gare shi. Hannun da ya shekara arba'in yana gyara bai nemi izininsa ba. Ya gyara, ya danna. A ƙasan labarin, inda duk duniya ke gani, sai ga shi: Malama ce ta sabunta, yau, ƙarfe takwas da minti sha huɗu.

Kafin tara wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwar Malama ce.

"Yaya, wane irin wasa ne wannan? Inna ta gani a wayar jikarta. Tun ɗazu take tambayata ko ƙarya muka yi mata."

Bai gama ba ta haƙuri ba Edita ya leƙo daga ofishinsa.

"Malam, labarai muke bugawa, ba ma tayar da matattu. Injiniya, Juma'a a rufe akawun ɗin nan."

"Sunanta zai tafi, ranka ya daɗe," in ji Injiniya.

"Na ba shi shekara guda da wata biyu. Juma'a."

Jan Biro ya sauka ƙasa, ya zaga ginin, ya hau, ya sake sauka. A hawa na uku ya ɗauki hoton ƙasan labarin, ya liƙa a 2417, ya rubuta: "Kun ce kuna son gani da idonku."

Zuwa la'asar yatsu sun haura ɗari biyu. Wata daga cikin masu gina manhajar ta amsa: "A jaridarmu ma mutum biyu nake shiga a madadinsu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka ba ni kwana biyu."

Juma'a da hantsi Injiniya ta sabunta manhajar, ta juyo masa da allon: matsayi na uku ya fito, da maɓallinsa kusa da sunan Malama.

"Ga shi, Baba. Kai za ka danna."

Ya sa tabarau, ya karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin maɓallin, don shi ne mutum ɗaya a ginin da ke karanta irinsu. Sunan marubucin zai zauna. Ba wanda zai sake iya shiga wannan akawun.

"Wannan na biyun ban nema ba."

"Ai shi ne zai hana irin na Laraba." Sai ta ƙara da cewa, "In buga maka na tashar motar a takarda?"

"Na haddace. Layi ɗaya ne da guntu."

Ya miƙe, ya je taga, ya dawo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Edita na tsaye a bakin ƙofa yana duban agogo. Ya danna.

Ya buɗe sharhinta na farko, sunan na nan. Ya buɗe na biyu. Yana kan na arba'in da wani abu Injiniya ta ce, "Baba, duk suna nan, wallahi."

"Haka wakilin kotu ya ce game da talatin da ɗaya ga wata," in ji shi, ya buɗe na gaba.