Miƙa a Ɗakin Tiyata

Likitar ta ɗaga kai daga cikin dattijon da ke buɗe a gabanta, ta ce a ɗan dakata. Tun hantsi suke sunkuye kan hanjinsa, wuyanta kamar an zuba masa garwashi. Ita ta kawo wannan tsari: in aiki ya yi tsawo, a tsaya kaɗan, kowa ya juya kafaɗa ya miƙe baya, ba tare da hannu ya taɓa komai ba.

Suna cikin miƙar Farfesa, shugaban sashen, ya turo ƙofa. Ya ƙare musu kallo, ya tambayi Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ko makaɗin ne bai iso ba. Ƙananan likitocin da ke biye da shi suka yi dariya cikin takunkumi.

Likitar ta fara bayani cewa babu jinin da ke zuba, mai sa barci ma ya yarda. Ya katse ta.

"Ke, tun kina goye nake tiyata, ban taɓa tsayawa rawa ba. In bayanki ba zai ɗauka ba, koma gida maigidanki ya yi miki tausa."

Ya wanke hannu, ya sa riga, ya tsaya a kanta. Ba ta ƙara ɗagowa ba. Zafin ya gangaro daga wuya zuwa gwiwar hannu, har yatsunta suka mutu. Wajen ɗinki allura ta zame ta huda jijiya, jini ya cika wurin. Farfesa ya ture ta, ya ɗaure jijiyar cikin ƙiftawar ido, ya ƙarasa aikin yana nuna wa yaransa abin da son jiki ke jawowa.

Dattijon ya farfaɗo lafiya. Ita kuwa a bakin famfo Sista ta raɗa mata cewa daga gobe an mayar da ita rubuta magani, ba ita ba wuƙa.

Da yamma ta je ofishinsa ba da haƙuri. Ta ƙwanƙwasa, ba amsa sai nishi. Ta same shi rigingine a ƙasa bayan teburi, ya jiƙe da gumi. Sunkuyawa ya yi zai cire takalmi, ƙugu ya riƙe. Ya ce ta rufe ƙofa.

Ta durƙusa, ta sa kafaɗarta mai ciwo ƙarƙashin hammatarsa, ta cicciɓe shi zuwa kujera. Ya daɗe yana mayar da numfashi.

"Ranka ya daɗe, maganar canjin nan..."

"Na riga na sa hannu," ya ce, idonsa a rufe. "Kafin ki fita, cire min ɗayan takalmin."