Abin da Ba a Faɗa wa Na'ura Ba

Kamfanin fiya-wata na Madam Damaris da ke Makera motoci biyu gare shi, direbobi biyu, Usman da Bulus. Ta gaji da tsayuwa a bakin get kullum safiya tana ihun wa zai je ina, shi ya sa da ƙanenta Nelson ya kawo manhajar da za ta riƙa karɓar oda ta waya, ta raba wa direbobi hanya da kanta, ba ta yi gardama ba.

Nelson ya ce sai an faɗa wa na'urar yadda ake aikin tukuna, komai da komai. Ta faɗa masa. Ranar gwaji manhajar ta tura Usman Gonin Gora, ta tura Bulus Unguwar Mu'azu. Suka tsaya jikin motocinsu, kowa na kallon wayarsa, babu wanda ya tayar da inji.

Sai a nan ta tuna abin da ta bari. Tun rikicin shekarun baya, Usman ba ya shiga Gonin Gora, inda Kirista suka fi yawa, Bulus ba ya shiga Unguwar Mu'azu, inda Musulmi suka fi yawa. Ba wanda ya kafa doka. Musanya suke yi tsakaninsu, ita kuma ta kau da kai.

"Sista, ai wannan simple ne," in ji Nelson, ɗan boko mai saurin hannu. "Zan sa masa rule, Musulmi nan, Kirista can. Har abada ba zai sake kuskure ba."

Damaris ta auna abin a ranta. Tsoron da mutane ke jin kunyar faɗa, wata rana yakan gushe. In ta sa shi cikin na'ura kuwa, duk direban da za ta ɗauka nan gaba zai tarar da shi dokar kamfani ce, da yardarta. In kuma ta ƙi, ta tura mai iyali inda yake tsoro.

"Kar ka sa," ta ce. "Bar musu wurin dannawa, su yi musanyar da kansu in sun so."

Nelson ya ja tsaki. Ta juya za ta yi wa direbobin bayani, sai ta ga Bulus ya kulle motarsa, ya zagaya ya shiga motar Usman, ya zauna gefensa.

"Malam, tayar," ya ce. "Mu fara da unguwarmu, mu dawo ka raka ni taku."

Oda ta makara ranar, kwastomomi suka yi ta kira. Damaris ba ta yi wa kowa ihu ba. Tana bakin get da tsoronta, ba ta iya zama ba sai da motar ta dawo da su biyun.